Ciwon sukari na masu juna biyu: abin da yunwar 2005 za ta iya bari a jikin ƴaƴanmu mata

A watan Nuwamban 2025, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan kula da ciwon sukari a lokacin goyon ciki. Alƙalumman da ta kafa hujja da su sun ce ciki 1 cikin 6 a duniya na zuwa da hauhawar sukari a jini, wato mata kimanin miliyan 21 kowace shekara.

A nan gida, da an ce sukari sai a ce gado ne. Da gaskiya a ciki: masana sun gano wasu ƙwayoyin gado, irin su TCF7L2 da MTNR1B, da ke rage wa jiki ƙarfin fitar da sinadarin insulin. Ciki kuwa yana ƙara buƙatar sinadarin, shi ya sa ciwon ke bayyana a lokacin.

Sai dai gado ba shi kaɗai ba ne. Abin da jariri ya samu ko ya rasa a cikin mahaifa yana iya kunna wasu ƙwayoyin gado, ya dushe wasu, ba tare da ya canza su ba. A Holan, waɗanda aka ɗauki cikinsu a yunwar 1944 zuwa 1945 an same su da wannan tabo bayan shekara 60, kuma ciwon sukari ya fi yawa a cikinsu. A karkarar Gambiya ma, an ga bambanci tsakanin yaran da aka ɗauki cikinsu da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da na rani.

Wannan ya shafe mu. Jariran da ke ciki lokacin yunwar 2005 a jihohin Maraɗi da Damagaram yau sun kai shekara 20. Matan cikinsu da dama sun yi aure. Wadda ta koma birni, ta bar fura da tuwon hatsi ta kama shinkafa, burodi da lemon kwalba, jikin da aka gina don ƙaranci ne ke fama da yalwa. Ba lallai ta yi ƙiba ba, ba lallai kuma a sami mai ciwon a danginta ba.

Ciwon kan zo shiru. Ana gane shi ne da awon jini bayan an sha ruwan sukari giram 75, tsakanin mako na 24 da na 28. Idan aka bar shi, jariri kan yi girman da zai wahalar da naƙuda ko ya kai ga tiyata. Ɗan ci-rani da ke aiko kuɗin awon ciki, ya tambayi maiɗakinsa ko ungozoma ta tura ta wannan awon.