Hana ajiye aku a gida: ni mai kaji ina goyon baya, amma da sharaɗi

Yau ba maganar tsadar abinci ko farashin kiret za mu yi ba. Maganar aku ce, amma ku ɗan yi haƙuri, za ta biyo ta ƙofar ɗakin kajinmu.

A ƙasashe da dama, musamman na Turai, ana ta ja-in-ja kan ko a hana mutane ajiye aku da danginsa da ake kawowa daga wasu ƙasashe. Masu tsuntsayen ado suna cewa: tsuntsuna ne, a kejina, da kuɗina na saya, ina ruwan hukuma? Magana ce mai daɗin ji. Matsalar ita ce tsuntsu ba ya dawwama a keji. Wani ya gudu, wani kuma mai shi ne ya gaji da ƙararsa ya buɗe masa taga.

Ku dubi Sifaniya. Wani ɗan ƙaramin aku kore da aka riƙa shigowa da shi daga Kudancin Amurka don ado ya cika Madrid, har yawansu ya haura 10,000. Suna haɗuwa su gina sheƙa ɗaya mai nauyin gaske a kan bishiya, wadda in ta faɗo wa mutum sai asibiti. A Sevilla kuwa, garin da yawancinmu muka sani ta ƙwallo, tsirya ce ta addabe su, irin koren nan mai dogon wutsiya da jan baki da muke da 'yar'uwarta a dazukanmu na Arewa. Tana ƙwace kogon bishiya daga jemage mafi girma a Turai, har tana kashe shi. Dokar ƙasar ta 2013 ta hana saye da sayar da nau'o'in biyu, amma a lokacin sun riga sun zama 'yan gari. Daga baya sai da hukumar Madrid ta kashe maƙudan kuɗi tana rage su.

Mu masu kifi bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Tarwadarmu da muke lallaɓawa a tanki, a Indiya da Bangladesh an haramta kiwonta, don in ta kuɓuta cikin kogi cinye kifayen wurin take yi. Giwan ruwa ma da aka zuba a tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ya ga bayan ire-iren ƙananan kifaye masu yawa. A gidansa ɗan halak ne, a gidan wani ya zama annoba.

To amma abin da ya fi damuna shi ne cuta, kuma nan nake so sababbin masu kiwo su buɗe kunne. A 1971 cutar Newcastle, wannan dai da muke wa rigakafin Lasota, ta ɓarke a kudancin Kalifoniya ta Amurka. An bi sawunta zuwa tsuntsayen ado dangin aku da aka shigo da su. Kafin a shawo kanta an hallaka tsuntsaye kusan miliyan 12, akasarinsu kajin ƙwai. Ku yi tunani fa. Mutum ya ci bashi ya gina gona, bai taɓa riƙe aku ba, amma sha'awar wani ta rufe masa kasuwanci. Aku yana iya ɗauke da wannan cuta yana zubar da ita a kashinsa alhali yana ta surutunsa kamar lafiyayye. Akwai ma wani zazzaɓi mai kama huhu da ɗan Adam ke ɗauka daga ƙurar busasshen kashinsa.

Turai ma tsoron murar tsuntsaye ne ya sa ta dakatar da shigo da tsuntsayen daji a Oktoban 2005, bayan an gano cutar a wani wurin killace tsuntsayen da aka kawo Ingila. A 2007 suka mai da hanin na dindindin. Mu kuwa a Fabrairun 2006 aka tabbatar da cutar a wata babbar gona a Jaji, jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. Ban ce aku ne ya kawo ta ba. Amma ku tambayi waɗanda ke kiwo a lokacin yadda ake ji in an zo an binne kajin mutum gaba ɗaya.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye, don mu ne ake kwasa daga wajenmu. Akun nan mai ruwan toka da jan wutsiya ɗan dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne. Bincike ya nuna Ghana ta yi asarar kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na nata tun daga 1992. Shi ya sa a 2016, a taron yarjejeniyar CITES a Johannesburg, aka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Duk da haka a 2025 jami'an kwastam sun kama tsirya da kanari sama da 1,600 a filin jirgin saman Legas, za a kai su Kuwait. Kejin can ne ke share dajin nan.

Ga sharaɗina. Hanin da zai ce daga gobe duk mai aku a gida ya zama mai laifi, wallahi ɓarna zai ƙara. Aku yana iya kai shekara 40 ko fiye a hannun mutum. In ka tsorata mai shi da tara, da dare zai buɗe keji, ka ga abin da ake gudu ya faru da hannun hukuma. A toshe shigowa da saye da sayarwa, wanda ke da shi tun da a yi masa rajista a sa wa tsuntsun zobe a ƙafa, ya riƙe abinsa har ya mutu amma kada ya hayayyafa. Kuma a ware nau'o'in da aka tabbatar suna iya rayuwa su yaɗu a waje, ba a yi musu kuɗin goro ba.

Masu ganin kiwon aku harka ce don sun ji farashin guda ɗaya, ku yi lissafi. Kazar ƙwai tana fara yi a sati 18 zuwa 20. Aku sai ya shekara 3 zuwa 5 kafin ya balaga, ƙwansa a kwanci ɗaya bai wuce 'yan ƙwarori ba, kuma wanda ake tallarsa a bakin titi ba ka san daga wane kogon bishiya aka zaro shi ba, balle abin da yake ɗauke da shi.

In kana da aku ko kanari ko tattabaru a gida, kejinsu ya yi nesa da kaji. Kada kwanon ruwa ko tsintsiya su haɗa su, kuma takalmin shiga ɗakin kaji ya zama daban. Duk tsuntsun da ka sayo daga kasuwa, ko waye ya sayar maka, ka ware shi kwana 30 tukuna.