Wa Ke Duba Littafin Kuɗin Soja?

Ina roƙo ku ba ni aron kunnuwanku in faɗi wani abu da ya tsaya mini a rai tun lokacin da muka fita koyarwar gwaji a zangon da ya wuce.

An tura ni wata makarantar firamare a nan cikin garin Bauchi, aka ba ni aji shida. Ran nan ina koya musu yadda a ke mulkin ƙasa, na rubuta a allo cewa majalisa ita ke yanke abin da gwamnati za ta kashe. Sai wani yaro ya ɗaga hannu. Ubansa soja ne, an tafi da shi Borno, wata takwas ke nan ba su sa shi a ido ba. Ya ce, "Malam, in majalisa ta ba da kuɗin sayen bindiga, wa ke zuwa ya ƙirga ya ga ko an sayo?" Na yi tsaye da alli a hannu, ga malamin da ya zo duba ni zaune a bayan aji. Na ce wa yaron zan kawo masa amsa. Kunya ta sa na shiga karance-karance, abin da na samo kuwa shi na kawo muku.

Da na ba da labarin a ɗakin kwana, wani abokina ya ce yaron ya cika rawar kai, gama sha'anin soja asiri ne, babu ruwan farar hula da shi. Na san mutane da yawa haka su ke gani. Ni kam ra'ayina ya saɓa da nasu. A ganina wajibi ne wakilan jama'a su bi diddigin kuɗin tsaro kwabo da kwabo, kuma sojan da ke bakin daga shi ya fi kowa amfana in sun yi haka.

Bari mu fara da tarihin gida. Kowannenmu ya san kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke cikin garin nan, kuma ya san malamin makaranta ne irinmu, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta. A zamanin da ya ke Firayim Minista, gwamnatinsa ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila. Ingila za ta taimaka da horar da sojojinmu da kayan aiki, ita kuma jiragen sojanta su sami izinin ratsa sararin Nijeriya da sauka a filayenmu. Cif Obafemi Awolowo, shugaban 'yan hamayya, ya soki wannan yarjejeniya. Alhaji Muhammadu Ribaɗu, Ministan Tsaro, shi ya kare ta a Majalisar Wakilai a Ikko cikin Nuwamba 1960, kuma masu rinjaye suka amince da ita. Amma da ya ke an kawo ta gaban majalisa, an yi muhawara a fili, jaridu sun buga, sai kowa ya san abin da ke ciki. Ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan suka yi ɗango zuwa Ikko, har suka kutsa harabar majalisa. Surutu bai lafa ba sai da gwamnatocin biyu suka soke yarjejeniyar cikin Janairu 1962.

Ku lura da wannan. Majalisar ba ta kayar da gwamnati a ƙuri'a ba. Abin da ta yi shi ne ta tilasta aka shanya maganar a rana. Ɗalibai kamarmu suka gani, suka yi magana, Firayim Minista kuwa ya saurara. Ƙasa ba ta rushe don an yi tambaya ba.

Bayan juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, wanda a cikinsa aka kashe Sir Abubakar, soja suka riƙe ƙasa har 1979, suka sake dawowa daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, watau shekara wajen 29. A yawancin waɗannan shekaru mai kashe kuɗin shi ne mai yanke kasafin, shi ne kuma mai duba kansa. Daga nan muka gaji wannan ɗabi'a ta cewa kuɗin soja ba a tambaya. Iyayenmu sun tashi cikinta, mu kuma muka sha a nono.

To, amma tsarin mulki na 1999 bai yarda da ita ba. Sashe na 80 ya hana a fitar da kuɗi daga baitulmalin Tarayya sai da dokar Majalisar Ƙasa. Sashe na 88 da na 89 sun ba majalisa ikon bincike don tona cin hanci da sakaci da almubazzaranci, da ikon kiran kowane mutum ya zo ya ba da shaida. Sashe na 5 ya ce Shugaban Ƙasa ba ya shelar yaƙi da wata ƙasa sai majalisun biyu sun zauna tare sun yarda, kuma ba ya tura soja yaƙi waje sai da iznin Majalisar Dattawa. Ko da gaggawa ta sa ya tura su, lalle ne ya nemi izni cikin kwana 7. Ashe amsar yaron nan tana rubuce, tawada a kan takarda. Sauran tambaya ita ce ko masu wannan iko suna aiki da shi.

Ga misali na fari. Mu mutanen Bauchi ba mu manta ba cewa a garin nan rikicin Boko Haram ya fara ɓarkewa ran 26 ga Yuli 2009, kafin ya bazu zuwa Maiduguri. Cikin 2014, lokacin da garuruwa ke faɗawa hannunsu, sojoji suka yi ta kukan rashin makamai. Kotun soja ta yanke wa waɗansu hukuncin kisa saboda bore da ƙin bin umurni, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 10. A shekarar nan majalisa ta yarda gwamnatin Shugaba Jonathan ta ciyo bashin dala biliyan 1 don sayen kayan yaƙi. Sai a 2015, bayan an sake gwamnati, Shugaba Buhari ya kafa kwamitin binciken cinikin makamai, aka fito da zargin cewa dala biliyan 2.1 sun bi wata hanya ta ofishin mai ba da shawara kan tsaro, Kanar Sambo Dasuki. Shi dai ya musanta, ni kuwa ba alƙali ba ne. Abin da ya dame ni daban ne. Majalisar Dattawa da ta Wakilai duka suna da kwamitocin tsaro. Ina su ke lokacin da sojoji ke kuka? Don me sai da wata gwamnati ta zo kafin a buɗe littafi? Wannan shi ne ihu bayan hari.

Ga misali na biyu, don kada a ce na ɗauki gefe. Cikin Afrilu 2018 Shugaba Buhari ya rubuta wa majalisa cewa ya riga ya biya Amurka dala miliyan 496 daga asusun rarar kuɗin mai, don sayen jiragen yaƙi 12 masu suna Super Tucano. Ya ce wa'adin cinikin ya kusa ƙarewa, shi ya sa ya biya da zaton majalisa za ta yarda. A lokacin kuwa ɗan jiharmu, Yakubu Dogara, shi ke shugabancin Majalisar Wakilai. 'Yan majalisa suka yi ta kumfar baki, har waɗansu suka ambaci tsige shugaba, sa'an nan magana ta bi ruwa. Jiragen sun iso a 2021, kuma ba na musun amfaninsu. Amma in an biya kafin a tambaya, kuma ba abin da ya biyo baya, to an koya wa kowane shugaba mai zuwa cewa sashe na 80 ado ne.

Misali na uku kuwa na yabo ne. Da soja suka yi juyin mulki a Jamhuriyar Nijar ran 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ba su kwana 7 su mai da mulki ko a yi amfani da ƙarfi. Shugaba Tinubu ya rubuta wa Majalisar Dattawa. Sanatocin Arewa suka tuna wa kowa cewa jihohi 7 ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, kuma mutanen ƙetaren iyakar 'yan'uwanmu ne na jini da aure da kasuwa. Majalisar ta ba da shawarar a bi hanyar sulhu. Ba ita kaɗai ta hana yaƙin ba, gama malamai da sarakuna sun sa baki, amma ta nuna cewa in ta ga dama tana iya cewa a dakata.

Yanzu in koma ga abokina mai maganar asiri. Yana da gaskiya ta wani gefe. Ba mai hankalin da zai ce a karanta a rediyo inda soja za su kai hari gobe, ko harsashi nawa ya rage a wane sansani. Amma asirin dabarar yaƙi daban, asirin rasit daban. Kwamitin majalisa na iya rufe ƙofa ya ga takardun ciniki, ya tafi bariki ya ƙirga motocin da aka ce an sayo, sa'an nan ya gaya wa jama'a ko lissafi ya yi daidai, ba tare da abokin gaba ya ƙaru da kome ba. A Ingila tun 1861 su ke da kwamitin duba kuɗin gwamnati, bisa al'ada kuwa ɗan hamayya ke shugabantarsa, kuma ma'aikatar tsaro ba ta tsira daga tambayarsa. A nan kuwa dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta keɓe kayan tsaro, sai in Shugaban Ƙasa ya ba da izni a bi ta kansu. In an rufe wannan ƙofa, ai dole ta majalisa ta kasance a buɗe.

A makarantar mishan da na yi a ƙauyenmu, hedimasta ya kan tara mu ƙarshen shekara ya karanta lissafin gonar makaranta, buhun gyaɗa nawa aka samu, nawa aka sayar, me aka saya da kuɗin. Ba wanda ya taɓa zarginsa da sata, kuma karatun nan shi ya sa ba a zarge shi ba. Mu ma da muka fita gwaji an duba rajistarmu da shirin darasinmu, ba mu ce an ci mana mutunci ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In za a duba malami a kan kwalin alli, yaya za a bar tiriliyoyi ba dubawa? A kasafin 2025 da Shugaba Tinubu ya gabatar, tsaro ya sami naira tiriliyan 4.91, ilmi kuwa 3.52. Ba na ƙyashin soja, domin makarantar da ba tsaro rufe ta a ke yi. Amma duk nairar da ta ɓace a can, ta ɓace wa soja, ta kuma ɓace wa aji.

Ko ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muna da namu laifin. Jihar Bauchi na da sanata 3 da wakilai 12 a Abuja. In sun zo gida, me mu ke tambayarsu? Babur, da buhun shinkafa, da takardar neman aiki. Ban taɓa jin wanda ya tare wakilinsa ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ka karanta rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi? Wace tambaya ka yi wa Ministan Tsaro bana?" Wakilin da ya san ba za a tambaye shi ba, shi ma ba zai wahalar da kansa da tambayar kowa ba.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Ta fari, ƙungiyarmu ta muhawara ta ɗauki wannan batu a zangon nan, a yi ta da hujja. Ta biyu, kowannenmu ya rubuta wa wakilin mazaɓarsa takarda cikin ladabi, ya tambaye shi abin da ya yi game da duba kuɗin tsaro, in amsa ta zo mu kawo ta a buga a mujallar nan. Ta uku, wadda ta fi duka, in mun kama aji kada mu kashe bakin yaro mai tambaya, ko da tambayar ta fi ƙarfinmu.

Kafin in bar makarantar na koma wa yaron da amsa. Na ce masa doka ta ɗora wa 'yan majalisa su je su ƙirga, wani lokaci su kan yi, sau da yawa kuwa sai an matsa musu. Ya ce, "To, Malam, wa zai matsa musu?" Na ce masa ni da shi ne. Ya yi dariya, ya zaci wasa na ke yi. Allah ya dawo masa da ubansa lafiya, ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, amin.