Mota mai mayar da wuta: a fara da motocin gwamnati, ba na ƴan kasuwa ba

A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Mazauna Yamai, Maraɗi da Damagaram ba su manta da waɗannan darare ba. Tun daga lokacin, duk wata dabarar ajiye wuta ta cancanci a saurare ta, har da wadda ake ta magana a kai a ƙasashen waje: motar da ke haɗa esansi da batir, wadda ake cajinta a bango, kuma take iya mayar da wutar da ta sha.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Mota takan wuni a tsaye, a ƙofar ma'aikata ko cikin gida. Idan aka haɗa ta da caja mai aiki ta fuska biyu, batirinta zai sha wuta lokacin da take da yawa, ya sako ta lokacin da kowa ke nema. Japan ce ta fi matsa wa wannan lamba bayan girgizar ƙasar 2011. Motar Mitsubishi Outlander da ta fito a 2013 tana iya ba gida wuta, kuma a 2019, da guguwa ta jefa yankin Chiba cikin duhu, kamfanonin motoci sun aika irin waɗannan motoci domin taimaka wa jama'a. A Danmak kuwa, tun 2016 aka haɗa motocin lantarki guda 10 na wani kamfani da layin wuta, ana biyan kuɗin aikin da suke yi masa.

Abin da ya sa maganar ta shafi Nijar shi ne rana. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 da ta Malbaza mai megawat 7 suna ba da ƙarfinsu ne da tsakar rana. Da magariba, lokacin da ake kunna fanka, talabijin da firiji a kowane gida, sun riga sun yi shiru. Batirin mota na iya ɗauko wutar azahar ya kawo ta isha'i.

Sai dai kada a yi zuzutawa. Batirin Outlander ta farko kilowat-awa 12 ne. Gidan da ke da fanka uku, firiji da ƴan ƙwayayen fitila, wanda ke cin wat 500, zai iya kwana da wuta har ya wuni. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a watan Afrilu. Amma ga layin ƙasa baki ɗaya, ko da motoci 1000 sun ba da kilowat 3 kowace, megawat 3 ke nan, kashi ɗaya cikin goma na Gorou Banda. Kuma idan batir ya ƙare aka tayar da injin motar domin ci gaba da ba da wuta, to an koma gurup ke nan, mai tsadar gaske, mai shan esansi.

Akwai kuma abin da dillalan motoci ba za su faɗa ba. Mafi yawan motocin da ke shigowa ƙasar nan na hannu ne, batirinsu ya riga ya gaji, zafin da ke haura digiri 40 kuma yana ƙara cinye shi. Wanda ya sayi mota da guminsa ba zai yarda a riƙa tatsar batirinsa kowane dare a banza ba. Dole a san nawa za a biya shi, a kuma sa masa kontar da ke ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita.

Haɗarin da ya fi girma yana kan ma'aikatan NIGELEC. Idan mai gida ya sa wani mai gyaran wuta na unguwa ya haɗa motarsa da wayoyin gida ba tare da na'urar da ke raba gidan da layi ba, wutar za ta koma kan falwaya a daidai lokacin da ma'aikaci ya hau gyara, yana zaton layin a kashe yake. Rai ake magana a nan. Shi ya sa ya kamata hukumar ARSE, mai sa ido kan harkar makamashi, ta fitar da ƙa'ida tun motocin ba su yi yawa ba.

Inda gwajin zai yi ma'ana shi ne motocin gwamnati da na manyan ƙungiyoyi. Suna tsaye wuri ɗaya, lokacin fitarsu sananne ne, mai su ɗaya ne. A zaɓi ma'aikata guda, a sa mata faifan hasken rana a kan rumfar ajiye motoci, a haɗa motoci kaɗan, a auna har tsawon bazara ɗaya: wuta nawa suka mayar, batirin ya ragu da nawa, gazwal nawa aka rage ƙonawa a gurup. Da waɗannan alƙaluma a hannu ne za a iya yanke shawarar ko a sassauta kuɗin duwan a kan irin waɗannan motoci, ko kuma kuɗin ya fi amfani a sayo manyan batura a girka su kusa da Gorou Banda.