Ƙungiyar Sharukan Da Darasin Gwanjon 'Yan Wasa Ga 'Yan Kasuwarmu

Duk wanda ya taɓa zama gidan kallo a Maraɗi ko Birnin Ƙonni ko Magarya ya san Shah Rukh Khan, wanda mu a nan muke kira Sharukan. Mun gan shi yana kuka, mun gan shi yana rawa, mun gan shi yana miƙo hannu daga ƙofar jirgin ƙasa. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, mutumin nan ɗan kasuwa ne, kuma ɗaya daga cikin manyan hajojinsa ita ce ƙungiyar wasan kurket ta birnin Kalkata, wadda ake kira Kolkata Knight Riders, ko KKR a taƙaice. Na bi tarihin wannan ƙungiya kaka bayan kaka daga 2008 zuwa 2025, kuma abin da na tarar a ciki ya fi kusa da hirar rumfar kasuwa bisa ga hirar filin wasa, shi ya sa na kawo shi wannan shafi.

Da farko dai bari in ɗan yi bayanin wasan, tunda ba namu ba ne. Mutum 11 ne a kowane ɓangare. Ɓangare ɗaya na jifa da ƙwallo mai tauri, ɗaya kuma na dukan ƙwallon da faffaɗan katako yana tara maki, daga nan sai a yi musanya. Wanda ya doki ƙwallo ta tsallake iyakar fili a sama ya ci maki 6 nan take. A gasar Indiya da ake kira IPL kowane ɓangare jifa 120 yake da shi, wasa kan ƙare cikin sa'o'i uku da 'yan kai. Ƙungiyoyin mallakar attajirai ne, kowa ya sayi sunan gari guda. 'Yan wasa kuma a gwanjo ake sayensu, ana tayi ana ƙari kamar a kasuwar kara. To amma akwai wata doka da ta sa labarin ya yi armashi: hukumar gasar kan yanke adadin kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe, kuma daidai yake ga kowa. A kakar 2025 rupi miliyan 1,200 ne ga kowace ƙungiya. Ke nan babu mai fin wani jari, sai dai a fi juna ido.

A watan Janairun 2008 ne Sharukan, tare da jaruma Juhi Chawla da mijinta Jay Mehta, suka sayi ƙungiyar Kalkata a kan dalar Amurka miliyan 75 da 'yan kai. Suka ɗauko Sourav Ganguly, ɗan garin kuma tsohon kaftin ɗin Indiya, wanda mutanen Kalkata ke kira Dada, wato yaya, suka ba shi ragama. Ranar 18 ga Afrilun 2008, a wasan farko na gasar baki ɗaya, wani ɗan wasansu daga ƙasar New Zealand mai suna Brendon McCullum ya ci maki 158 shi kaɗai, suka lallasa Bangalore da ratar maki 140. Kowa ya ce an gama, kofi na Sharukan ne. Ashe kasuwar da wuri ta watse, domin kuwa na 6 suka ƙare cikin ƙungiyoyi 8.

Kakar 2009, wadda aka buga a Afirka ta Kudu saboda zaɓen Indiya, ita ce mafi muni. Mai horar da su, John Buchanan, ya zo da shawarar a riƙa yin kaftin fiye da ɗaya, alhali ko yaro ya san ba a sarki biyu a gari ɗaya. A ƙarshe aka karɓe kaftin daga Ganguly aka ba McCullum, gida ya rabu biyu. A gwanjon shekarar kuma sun sayi Mashrafe Mortaza na Bangaladash a kan dala 600,000, mutumin da aka buɗe tayinsa da dala 50,000, kuma wasa ɗaya tak ya buga musu. A ganina farin jininsa a wajen masu jin harshen Bengali aka saya, tunda mutanen Kalkata da na Bangaladash harshensu ɗaya. Wasa 3 suka ci cikin 14, suka zo na ƙarshe, aka sallami Buchanan. A 2010 aka mayar wa Ganguly da kaftin, suka sake zuwa na 6. Cikin ƙungiyoyi 8 da suka fara gasar, su kaɗai ne suka shekara uku ba su leƙa zagayen kusa da na ƙarshe ba, duk da cewa babu wadda ta kai su suna da talla.

A gwanjon 2011 ne masu ƙungiyar suka yi abin da ke da wuya ga kowane ubangida. Suka saki 'yan wasansu kaf, har da Ganguly, wanda a lokacin yana da shekara 38. Ba don ya kasa ba, domin shi ya fi kowa cin maki a ƙungiyar a 2010, sai don an ga ginin da aka yi a kansa ya ƙi tsayuwa har sau uku. Mutanen Kalkata suka fusata, wasu suka ce sun bar ƙungiyar ke nan. Masu ƙungiyar suka toshe kunne, suka sayi Gautam Gambhir, mutumin Delhi marar yawan fara'a, a kan dala miliyan 2.4, farashin da ba a taɓa biya ba kafin nan. A shekarar suka zo na 4, karo na farko da suka wuce zagayen farko.

A 2012 suka ƙara da wani matashi daga tsibirin Trinidad mai suna Sunil Narine, wanda a lokacin ƙalilan ne suka san shi. Shi ma da dala 50,000 aka buɗe tayinsa, suka kai shi 700,000. Mai karatu zai ce ai irin cinikin Mortaza ne aka maimaita. Bambancin shi ne, Narine ya buga wata gasa a Indiya a 2011, an ga jifansa da ido a kan irin filayen da zai yi aiki, an ga yadda manyan 'yan wasa suka kasa gane inda ƙwallonsa za ta juya. A kakar farko ya fitar da 'yan wasa 24, aka zaɓe shi gwarzon gasa. Ranar 27 ga Mayun 2012 KKR ta doke Chennai a gidanta ta ɗauki kofi, inda wani da ba a cika sa shi a wasa ba, Manvinder Bisla, ya ci maki 89. A 2013 suka zame zuwa na 7, amma ba su wargaza gida ba. A 2014 an cinye su wasa 5 cikin 7 na farko, suka yi haƙuri da mutanensu, sai ga su sun ci 9 a jere har da wasan ƙarshe da Punjab, kofi na biyu ke nan. A 2015 suka zo na 5, a 2016 na 4, a 2017 na 3.

Daga nan ne, a nawa ra'ayin, ido ya fara rufewa. Kafin kakar 2018 suka rabu da Gambhir, suka kuma bar wani matashi, Suryakumar Yadav, ya tafi Mumbai, inda daga baya ya zama na ɗaya a duniya wajen duka a irin wannan gajeren wasa. Kafin kakar 2022 suka saki Shubman Gill, yaron da suka raina da hannunsu, ya koma Gujarat, suka ɗauki kofi a shekarar, a 2023 kuma ya fi kowa cin maki a gasar da 890. Su kuwa KKR, kaftin huɗu suka yi cikin shekara shida: Dinesh Karthik da Eoin Morgan da Shreyas Iyer da Nitish Rana. Sun zo na 3 a 2018, na 5 a 2019 da 2020, sun kai wasan ƙarshe a Dubai a 2021 inda Chennai ta doke su da maki 27, sannan na 7 a 2022 da 2023.

Abin alheri guda da suka yi a waɗannan shekaru shi ne riƙon Rinku Singh, ɗan wani mai rarraba tukwanen gas a garin Aligarh. Sun saye shi a 2018 a kan rupi miliyan 8, ya yi shekaru bai yi abin a zo a gani ba, amma ba su yada shi ba. Ranar 9 ga Afrilun 2023, ana neman maki 28 a jifa biyar na ƙarshe a wasansu da Gujarat, yaron nan ya doki dukkan biyar ɗin suka tsallake fili. A lokacin rupi miliyan 5.5 ne kuɗinsa a kaka, abin da bai kai cefanen wasu manyan ƙungiyar ba.

A 2024 Sharukan ya dawo da Gambhir a matsayin mai ba da shawara. Abu na farko da ya yi shi ne ya mayar da Narine, wanda aka fi sani da jifa, ya zama mai buɗe duka. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Narine ya ci maki 488, ya fitar da mutum 17, ya zama gwarzon gasa karo na uku. Wasa 3 kawai aka cinye su a duk kakar, kuma ranar 26 ga Mayu suka tsayar da Hyderabad a kan maki 113 suka ɗauki kofi na uku. Idan aka duba da kyau, kofuna uku, kuma a kowanne akwai hannun mutum biyu, Gambhir da Narine.

Sai kuma aka sake tafka kuskuren jiya. Gambhir ya tafi ya zama mai horar da ƙungiyar ƙasar Indiya, wannan ba laifin kowa ba ne. Amma Shreyas Iyer, kaftin ɗin da ya ɗaga kofi, an bar shi ya shiga gwanjo, Punjab ta saye shi a kan rupi miliyan 267.5. A wannan gwanjon dai KKR ta zuba rupi miliyan 237.5 a kan Venkatesh Iyer, wanda kakar ba ta yi masa kyau ba, har aka sake shi a ƙarshenta. A watan Afrilun 2025 Punjab, ƙarƙashin Shreyas, ta ci maki 111 kacal, amma ta tsayar da KKR a kan 95. Punjab ta kai wasan ƙarshe karo na farko tun 2014, masu riƙe da kofi kuma suka ƙare na 8 cikin 10.

Na san akwai masu ja da ni, kuma suna da hujja. Za su ce a 2024 ɗin ai KKR ta sayi Mitchell Starc na Ostireliya a kan rupi miliyan 247.5, mafi tsada a tarihin gasar a lokacin, kuma shi ne gwarzon wasan ƙarshe. Gaskiya ne. Ban ce tsada laifi ba ce, araha ma ai ba ta ado. Gambhir da tsada aka saye shi. Abin tambaya shi ne ko mai sayen ya san giɓin da zai cike da kayan. Za su kuma ce doka ba ta yarda a riƙe fiye da mutum shida ba kafin babban gwanjo, kuma shugabannin ƙungiyar sun ce Shreyas ne ya so ya gwada farashinsa a kasuwa. Wannan ma na yarda. To amma ratar da ke tsakanin kuɗin Shreyas da na Venkatesh rupi miliyan 30 ce kawai, cikin miliyan 1,200. Wanda ya iya biyan wancan, bai rasa abin riƙe wannan ba. Akwai kuma sa'a, domin wasa ne gajere, amma sa'a ba ta bin mutum biyu shekara 12.

Ya ku 'yan'uwana 'yan kasuwa, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, daga Ƙonni zuwa Illela, wannan labari a rumfunanmu yake faruwa kullum. Yawancinmu jarinmu bai fi na maƙwabcinmu ba, kaya iri ɗaya muke sarowa, hanya ɗaya muke bi, canjin naira da sefa tare yake dukanmu. Abin da ke raba mai ci gaba da mai karyewa shi ne mutanen da ya tara. Sau nawa muka ga Alhaji ya riƙe ɗan'uwa a bakin aljihun shago don kada dangi su yi magana, alhali kowa ya san lissafi ba ya fita? Sau nawa muka ga yaron da ya shekara goma yana riƙe amana, ya san direbobi, ya san masu bashi da masu biya, ya nemi ƙarin jaka biyar a wata ko ya nemi a sallame shi da ɗan jari, aka ce masa albarka? Bayan wata uku sai ka gan shi a rumfar da ke kallon ta ubangidansa, abokan ciniki sun bi shi, shi kuwa Alhaji ya ɗauko sabon yaro mai iya baki a kan kuɗin da ya fi wanda ya hana.

Sunan Sharukan ya cika filin Eden Gardens da 'yan kallo tun ranar farko, kamar yadda sunan mahaifin mutum kan jawo masa masu saye ranar da ya buɗe shago. Amma shekara uku sunan bai kawo kofi ba. Shawarata ita ce, kafin kasuwa mai zuwa ta ci, kowane ubangida ya zauna ya dubi yaransa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kansa wane ne yake riƙe saboda kunya, wane ne kuma shagon zai girgiza in ya tafi. Na farkon a nema masa wata hanyar cikin mutunci. Na biyun kuwa a kira shi a yi magana tun bai fara sauraron tayin wani ba.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya haɗa mu da masu amana, ya kuma ba mu ikon gane su tun suna hannunmu. Amin.