Ƴar Ratar da ke Tsakanin Ƙarfe da Ƙarfe: Darasin da Muke Koyarwa Rabi da Rabi

A makon jiya ina koyar da darasin yadda zafi ke sa ƙarfe ya miƙe, sanyi kuma ya sa ya tsuke. Na kawo misalin da aka ba mu tun muna makarantar horon malamai, wato ƴar ratar da ake bari tsakanin ƙarfen dogo da ɗan'uwansa. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, wa yake auna ratar? In ya yi kuskure fa?" Na buɗe baki na rasa ta cewa. Shekara kusan 20 ina maimaita wannan misali a gaban yaran Bilma, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba, ni kuwa ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba. Haddace shi na yi, haddar kuma nake rabawa.

Tambayar ta sa na koma na yi bincike, abin da na gano kuma ya shafi malamai da iyaye baki ɗaya. Ra'ayina shi ne: layin dogo yana tafe ƙasarmu, kuma lafiyarsa tana mahaɗarsa. In ba mu tashi yaran da suka fahimci wannan mahaɗa ba, har suka iya auna ta da gyara ta, to za a shimfiɗa mana ƙarfe mu tsaya muna kallo.

Bari mu fara da lissafin, don bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba. Mita ɗaya na ƙarfen dogo yana ƙara tsawo da kusan milimita 0.012 duk sa'ad da zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Abin kamar wasa. Amma sanda mai mita 12, in zafinta ya tashi da digiri 40, za ta ƙaru da kusan milimita 6. Kilomita ɗaya kuwa zai nemi ƙarin kusan rabin mita. Ƙarfen nan ba ya jin rarrashi: in bai sami wurin miƙewa ba, sai ya ture gefe, layin ya karkace kamar maciji. In kuma sanyi ya ja shi ya rasa yadda zai tsuke, sai ya tsinke.

Tsohuwar dabara ita ce a bar rata, sannan a tallafi bakin sandunan biyu da ƙarfe ta hagu da ta dama, a ɗaure da noti huɗu ko shida. Duk wanda ya ga yadda mai ɗori ke jera karare a gefen karaya ya ɗaure ya gane abin. Wani Bature ɗan Ingila, William Bridges Adams, shi da abokin aikinsa suka yi wa wannan ƙarfen ɗori rajista a 1847. Hikimar tana cikin hudar: ana yin ta da ɗan faɗi fiye da kaurin notin, don sandar ta riƙa zamewa kaɗan gaba da baya. Mai tsara mahaɗar yana tsakanin wuta biyu. In ratar ta yi kaɗan, da rana bakunan su haɗe, layin ya lanƙwashe. In ta yi yawa, kowace ƙafar jirgi da ta wuce sai ta daki bakin sandar kamar guduma, har ya daddage, tsaga ta fara daga hudar noti. Ƙarar nan ta "kwas-kwas, kwas-kwas" da matafiya suka sani a tsohon layin da ya iso Kano a 1911, ƙarar dukan nan ce.

Mu mutanen Kawar bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Madugun da ke jan ayarin gishiri daga Bilma zuwa Agadas ta Fashi ya san igiyar da ke tsakanin raƙumi da raƙumi tana da ƙa'ida. In ta yi tsauri, ɗaya ya yi tuntuɓe ya ja na baya. In ta yi sako-sako, ta harɗe ƙafa. Kuma kullum sai an duba ƙullin.

Wannan dubawar ita ce rabin darasin da ba mu koyarwa. A ranar 5 ga Nuwamba 1967, a Hither Green cikin birnin Landan, sandar dogo ta karye daga hudar noti a bakin mahaɗa, jirgi ya kife, mutum 49 suka rasu. A ranar 12 ga Yuli 2013, a Brétigny-sur-Orge kusa da Faris, ƙarfen ɗori ya kwance daga notinsa ya faɗa inda ƙafar jirgi ke bi, mutum bakwai suka rasu. Waɗannan ƙasashe ne masu injiniyoyi da kuɗi. Abin da ya kayar da jiragen nan bai fi ƙarfin mutum ɗaya ya ɗauka da hannu ba.

Shi ya sa yawancin layukan zamani suka rage mahaɗa irin ta noti. Walda ake yi wa sandunan su zama ɗaya mai tsawon kilomitoci, sau da yawa ta hanyar narkakken ƙarfe da ake zubawa tsakanin bakunan, dabarar da Bajamushe Hans Goldschmidt ya fito da ita a shekarun 1890. To ina zafin ya tafi? Yana nan daram. Danne ƙarfen ake yi da maɗauri a kan ginshiƙan kankare masu nauyi, a cika da tsakuwa, sai ƙarfin miƙewar ya maƙale a cikin jikinsa. Kafin a ɗaure, ana jan sandar ta kai tsawon da za ta yi a wani zafi da aka zaɓa, tsaka-tsaki tsakanin zafin bazara da sanyin hunturu na wurin. A kusa da dogayen gadoji da ƙarshen layin da aka yi wa walda kuma, akan sa wata mahaɗa mai fiƙaƙƙun bakuna da ke zamewa a gefen juna ba tare da rata ta buɗe ba. Littafinmu na aji bai san da wannan ba, har yau yana nan a kan rata.

Zafin nan da ake zaɓa shi ne zuciyar maganata. A Ingila digiri 27 suka tsayar, daidai da yanayinsu. Da zafi ya wuce digiri 40 a can a watan Yuli na 2022, sai da aka rage gudun jirage, aka soke wasu, duk da cewa suna shafa wa wasu sanduna farin fenti don rage zafin. Dalili kuwa, ƙarfen da ke kwance a rana yana iya fin iska zafi da digiri 20. Yanzu ku dubi namu. A nan Bilma an auna digiri 48.2 a ranar 23 ga Yuni 2010, a hunturu kuwa dare kan sauka ƙasa da digiri 10. A Maraɗi da Katsina ma bazara kan wuce digiri 40. Adadin da ya dace da Turai ba zai yi mana ba, dole a samo shi daga ranarmu da sanyinmu, ga kuma rairayi da ke shiga kowace kafa.

Maganar ba ta nesa ba ce. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke da kwangilar. Kamfani zai gama ya tafi. Rana ba ta tafiya. Wa zai riƙa bin layin da ƙafa yana duba walda da noti shekara 30 nan gaba? Mun ga layin Yamai zuwa Doso, kusan kilomita 140, da aka buɗe da biki a 2016, amma bai zama hanyar sufurin jama'a ba. Shimfiɗa ƙarfe daban, raya shi daban.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce: aikin injiniyoyi ne, mu da alli ma ke yanke mana, kuma jirgi ba zai zo Bilma ba. Gaskiya ne, ba na sa ran jin kukansa a Kalala. Amma yaran da ke gabana ba a Bilma duka za su tsufa ba, kuma injiniya ba daga sama yake faɗowa ba, daga aji yake fitowa. Darasin kuma ba ya bukatar ɗakin gwaji. Na ɗaura siririyar waya tsakanin kujeru biyu, na rataya dutse a tsakiya, na jera kyandir a ƙarƙashi. Yara suka ga dutsen yana sauka, na kashe wutar suka ga yana hawa. Na tura su su saurari rufin kwano da hantsi, su gwada ƙyauren ƙarfen da ke cijewa da azahar ya saki da asuba. Kashegari yarinyar nan da kanta ta lissafa milimita shida ɗin a allo.

Ga iyaye kuwa, ina da roƙo biyu. Na farko, mu daina raina aikin hannu. Yaron da ya ce yana son walda ko aikin ƙarfe, a kai shi makarantar koyon sana'a da murna, kamar yadda ake murnar mai son zama likita. Na biyu, mu ja kunnen ƴaƴanmu kan kwance ƙarfen jama'a don sayar wa masu awon gwangwan. A Najeriya an sha kama mutane da sassan layin dogo. Wanda ya kwance noti huɗu don kuɗin shayi yana iya zama sanadin rayukan cikin tarago guda, wataƙila har da danginsa. Yaron da ya san aikin da notin ke yi, da wuya hannunsa ya kai gare shi.

Hukumomin ilimi kuma su sabunta wannan babi a littattafai, su nemi a ba ɗalibanmu na sana'a gurbin koyo a wurin aikin tun ana shimfiɗa layin. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Ni dai na gyara takardar darasina. A ƙasan misalin rata na rubuta tambayar ɗalibata yadda ta yi ta, kuma duk ajin da na shiga da ita zan fara: wa yake auna ratar?