Ra'ayinmu: Hasashe Na Bin Suna, Fili Na Bin Ƙwazo

Kowace shekara, da zarar watan Maris ya ƙarato, sai masu sharhin wasanni na Amurka su duƙufa wajen hasashen jami'o'in da za su shiga gasar ƙwallon kwando ta hukumar NCAA. Gasar ta fara a shekarar 1939 da ƙungiyoyi 8 kacal, aka mai da su 64 a 1985, sa'an nan 68 a 2011. Har ma akwai waɗanda hasashen ya zame musu sana'a, irin su Joe Lunardi na gidan talabijin na ESPN. Mu a ganinmu, wannan hasashe ya cancanci ɗalibai su yi masa kallon tsanaki, domin yana tona wani rashin adalci da ke cikin tsarin.

Ƙofa biyu ce ake shiga gasar ta cikinsu. Jami'o'in sun kasu rukuni-rukuni, kuma duk wadda ta ci kofin rukuninta ta samu gurbi kai tsaye. A 2025 irin waɗannan gurabe 31 ne. Sauran 37 kuwa wani kwamiti ne mai mutum 12 ya zauna ya raba su, ya bayyana sunayen ran Lahadi. Tun daga 2018 kwamitin yana dogara da wani ma'auni da ake kira NET, yana kuma duba ƙarfin abokan karawar da kowace ƙungiya ta doke, da inda aka yi wasan. Ashe ke nan mai hasashe ba gwanintar 'yan wasa kaɗai yake aunawa ba. Abin da yake ƙoƙarin karantawa shi ne zuciyar mutum goma sha biyu.

To, ina zuciyar tasu take karkata? A 2025 rukunin SEC na manyan jami'o'in kudu, mai ƙungiyoyi 16, ya shigar da 14. Ƙananan rukunoni kuwa yawancinsu ɗaya tak suke samu. Za a ce ai manyan sun fi karawa da masu ƙarfi. Gaskiya ne, amma wane ne ya tsara haka? Babbar jami'a ba ta son zuwa gidan ƙarama, domin in ta ci ba yabo, in aka ci ta kuma abin kunya ne. An hana yaro shiga kokawa, sa'an nan aka ce bai taɓa kayar da kowa ba.

A dubi abin da ya sami jami'ar Indiana State a 2024, makarantar da Larry Bird ya kai wasan ƙarshe a 1979. Ta ci wasa 28, an ci ta 6, tana cikin talatin na farko a ma'aunin NET. Da Drake ta doke ta a wasan ƙarshe na rukuninsu, sai kwamiti ya bar ta a waje. Aka ɗauki jami'ar Bajiniya mai babban suna, ita kuwa a wasanta na farko Colorado State ta lallasa ta da ci 67 da 42.

Idan kuma aka ba ƙanana dama, sukan ba maraɗa kunya. A 2011 masu sharhi da yawa sun yi tir da shigar da jami'ar VCU. Sai ga shi ta ci wasa biyar a jere, har da Kansas, ta kai zagayen kusa da na ƙarshe. George Mason ma haka ta yi a 2006. Lalle ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kada a ɗauka maganar kofi ce kawai. Kowane wasa da ƙungiya ta buga a gasar yana jawo wa rukuninta kaso daga kuɗin talabijin, kuma kwangilar da aka ƙulla a 2010 ta kai dala biliyan 10.8. Wanda aka shigar bana ya sami kuɗin gina fili da jawo 'yan wasa, baɗi kuma sunansa ya ƙara nauyi a gaban kwamiti. Haka ruwa yake ta komawa kogi, tudu yana bushewa.

Saboda haka muna ganin wajibi ne a tilasta wa manyan jami'o'i su riƙa baƙuntar ƙanana, kwamiti kuma ya riƙa bayyana yadda ƙuri'arsa ta kasance. Masu hasashe su ma kada su tsaya ga faɗin wanda za a zaɓa, su faɗi wanda ya cancanta, domin yawan maimaita sunan manya yana sa jama'a su ɗauki son kai tamkar ƙa'ida.

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, a cikinmu akwai waɗanda gobe za su zauna a kwamitin ɗaukar aiki ko na ba da gurbin karatu. Ranar da takardu biyu suka zo gabanku, ɗaya daga makaranta mai suna, ɗaya daga wadda ba a san ta ba, ku tuna da Indiana State, ku auna aikin da kowa ya yi. Allah Ya sa mu dace.