Kunne ya girmi kyamara

A watan Mayun 2022 na sauka daga raksha, wato a-daidaita-sahun mutanen Sudan, a Kalakla da ke kudancin Khartum, kusa da gaɓar Farin Nilu. Ina ɗauke da akwati biyu da sandar makirfo, ga miksa mai tasha takwas, ga batir mai nauyin bulo. Na je ne in naɗi muryar wata tsohuwa Bahaushiya, wadda aka goyo kakarta daga ƙasar Katagum a zamanin da jama'a suka yi ta kwarara gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello ya wuce da sauran mutane har suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu.

Na tarar da ita zaune bisa gadon igiya a inuwar darbejiya. Muka gaisa, na durƙusa na shiga warware kebul. Ina cikin haɗa wannan da wancan wuta ta ɗauke, batir ɗin da na dogara da shi kuwa bai cika ba tun dare. Kafin in samo dabara an yi minti arba'in, ita kuwa ta riga ta ba jikanta labarin rijiyar da ayarin kakarta ya kwana uku a bakinta, tana dariya tana tafa hannu. Da na ce na shirya, sai ta kalli tarkacen da na baza a tsakar gidanta ta ce, "Ɗan nan, jin magana ka zo yi ko kafa shago?" Na ce, "Iya, a yi haƙuri, a maimaita mini." Ta maimaita, amma a taƙaice, kamar mai ba da shaida gaban alƙali.

Washegari na koma da jaka ɗaya a kafaɗa, kuma tun daga ranar ra'ayina bai sauya ba: mai ɗaukar sauti a fim ɗin gaskiya, wanda 'yan sana'a ke kira dokumentari, bai kamata ya riƙe kayan da ba zai iya kunnawa cikin minti biyu ba, ko waɗanda ba zai iya gudu da su ba.

Mu Hausawa mun ce gani ya kori ji, kuma masu shirya fim a Kano da Kaduna sun riƙe karin maganar nan da hannu bibbiyu. Za a kashe kuɗin kyamara da fitila da jirgi marar matuƙi, sai ranar fita lokeshin a tuna ba a tanadi makirfo ba, a aiki yaro ya aro. Alhali mai kallo yana yafe hoto mai duhu ko mai rawa, amma in bai ji abin da ake cewa ba, minti ɗaya ya isa ya danna gaba. A fim ɗin wasa ana iya kiran jarumi situdiyo ya sake faɗin maganarsa. Tsohuwa 'yar shekara tamanin da ɗoriya ba ta sake dariya don an ce "a sake".

Ga abin da ke cikin jakata, daga mafi muhimmanci. Na farko abin sawa a kunne mai rufe kunnen ruf, irin Sony MDR-7506. Wanda ke naɗa ba ya saurare tamkar mai tuƙi ne ido rufe. Da shi na gane cewa na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, wadda gidaje da yawa a Khartum ke da ita, tana wani ƙugi da kunne ya saba da shi har ya daina ji, makirfo kuwa ba ya sabo. Na roƙi a kashe ta, muka sha zafi, muka samu murya tas.

Na biyu makirfo biyu, ba ƙari. Dogo mai tsinto abin da aka nuna masa, nawa Sennheiser MKE 600 ne saboda yana iya aiki da ƙaramin batir AA guda, sai ƙaramin da ake maƙalawa a wuyan riga. Ka'idar da ta fi kowane tambari daraja ita ce kusanci: duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakanin baki da makirfo, ƙarfin muryar yana raguwa da kimanin desibel 6, hayaniyar titi kuwa tana nan yadda take. Makirfo mai araha a kamu ɗaya daga baki ya fi mai tsada da aka kafe a kan kyamara can nesa. Sai dai maƙala wa mace abu a jiki ba aikin baƙo ba ne. Wata jikar tsohuwar na nuna wa yadda ake yi, ita ta ɗaura shi a ƙarƙashin lulluɓin, ta manne wayar da filasta don kada yadi ya riƙa gogarsa.

Na uku hular gashi da ake sa wa makirfo don kare iska. A watannin Mayu zuwa Yuli guguwar ƙura da suke kira habub takan taso wa Khartum kamar bango, kuma tun kafin ta iso iska ke fara kaɗawa. Soson da ke zuwa da makirfo ba ya tsinana komai a waje. Ina kuma ajiye ledoji masu zif da ƙaramin buroshi, domin ƙurar can, kamar ta hunturunmu, ba ramin da ba ta shiga.

Sai na huɗu rikoda, kuma da gangan na sa ta a nan. Zoom F3 ba ta kai rabin kilo ba, tana ɗaukar makirfo biyu, tana cin batir AA biyu ko fawabank. Mai hali ya sayi Sound Devices MixPre-3, wadda ke karɓar uku kuma miksa ce da kanta. Sababbin nan suna naɗa da tsarin da ake kira 32-bit, wanda ke sa ko mutum ya yi raɗa sannan ya fashe da dariya, muryar ba ta tsagewa. A sa ta a kan 48 kHz, shi ne ma'aunin fim. Sauran kaya ƙanana ne: batura masu caji takwas, kebul na ko-ta-kwana, katin ajiya biyu. Batir AA na fifita don ba ya wahalar samu a kanti, na'urar da aka rufe batirinta a ciki kuwa in ta mutu a zafin da ya haura digiri 40, sai dai a zauna a jira ta.

Na san abin da manyanmu a sana'a za su ce. Za su ce sauti aikin mutum biyu ne, mai riƙe sanda da mai zama kan miksa, kuma ƙananan na'urorin nan sun sa kowa ya ɗauka ya iya. Suna da gaskiya rabi. In za ka naɗi zikirin yammacin Juma'a a Hamad al-Nil da ke Omdurman, da tambura da ɗaruruwan muryoyi, ko zaman mutum shida, tasha biyu ba za ta ishe ka ba. Kuma 32-bit ba ta gyara makirfon da aka nuna wa bango. Amma sana'ar nan da kanta daga rage nauyi ta samo asali. Sai da Stefan Kudelski ya ƙera rikodar Nagra mai rataya a kafaɗa a shekarun 1950 sannan masu fim suka iya bin mutane cikin kasuwa da gida da muryarsu. Abin da ya rage mana shi ne horar da kunne, kuma wannan ba a sayensa a kanti.

Akwai dalilin da ya fi waɗannan nauyi, Sudan ce ta koya mini shi. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF. Gidan rediyon Omdurman, wanda aka buɗe a 1940, inda A'isha al-Falatiya, 'yar asalin Hausa, ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon ƙasar, ya shafe kusan shekara a hannun mayaƙa, da ma'ajiyar muryoyinsa a ciki. Masu shirya fim ɗin "Khartoum", da aka nuna a bikin Sundance a 2025, da wayoyin iPhone suka fara ɗaukarsa, a gudun hijira kuma suka ƙarasa. Wanda ya tsira da aikinsa shi ne wanda aikinsa ya shiga aljihu. Shi ya sa ba na kwana sai na kwafe abin da na naɗa wuri biyu, na kuma bar wa masu gida nasu.

Iya ta rasu kafin yaƙin, iyalinta kuwa sun watse. Bara jikan nan ya turo mini saƙo ta WhatsApp cewa wayarsa ta salwanta a hanya, in sake turo masa. Na tura hirar, na haɗa da wani minti ɗaya da nakan naɗa a ƙarshen kowane zama, inda nake roƙon kowa ya yi shiru don in ɗauki numfashin wurin. Ba komai a ciki sai kukan tattabaru, da mai ruwa yana wucewa da amalanken jaki yana ƙwanƙwasa ganga, sai can Iya ta gaji da shirun ta ce, "To, an gama ko in sha shayina?" Ya ce wannan minti ɗayan ya fi saurara.

Tsofaffi irinta suna nan a Fagge da Zangon Kumasi da Maraɗi da Mai Wurno, kuma ba jiranmu suke yi ba. Matashin da ke tara kuɗin sabuwar kyamara ya cire kashi ɗaya cikin huɗu ya sayi abin kunne da makirfo da hular gashi, ya zuba su a jakar da zai iya hawa babur da ita, ya je gidan kakarsa ya kunna kafin ya gama gaisuwa.